Karatu da Gardama: Yadda Octavia Butler Ta Zama Marubuciya

 Yau Amurka za mu leƙa, mu duba hanyar da wata baƙar fata mai suna Octavia Butler ta bi har ta zama marubuciya. An haife ta a garin Pasadena na jihar Kalifoniya ranar 22 ga Yuni 1947, ta rasu ranar 24 ga Fabrairu 2006. Fagen da ta yi suna a cikinsa shi ne na ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi, wato labaran da ake ginawa a kan abin da bai faru ba tukuna ko wanda ba zai taɓa faruwa ba: tafiya wasu duniyoyi, haɗuwa da halittun da ba mutane ba, komawa zamanin da ya shuɗe ko leƙa wanda bai zo ba. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da ya fito a 1969, ya san ɗanɗanon na farko, wanda kuma ya karanta Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ya san na biyu. A 1995 Butler ta zama ta farko cikin marubutan labaran kimiyya da aka ba babbar kyautar nan ta MacArthur, mai ɗauke da dala 295,000. Ta yaya marainiya, 'yar mai aikatau, wadda ko haɗa baƙi yakan ba ta wahala, ta kai nan? Amsar da zan kare a shirin yau ita ce karatu ne ya yi ta, amma karatu mai hawa uku. Ta karanta duk abin da ya faɗo hannunta, ta so shi har ta kwaikwaye shi, sannan ta juyo ta yi gardama da shi. A ganina wannan hawa na uku shi ne ke raba mai karatu da marubuci.

Mu fara daga gida. Mahaifinta shushaina ne, ya rasu tana ƙarama, riƙonta ya koma hannun mahaifiyarta da kakarta, mata masu tsananin riƙo da addininsu na Kirista 'yan ɗarikar Baptis. Uwar, wadda ita ma sunanta Octavia, tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta don ta yi aiki, saboda haka ba ta yi nisa a aji ba. Aikatau take yi a gidajen Turawa, shara da wanki da goge-goge. To amma matar nan ta san darajar abin da aka hana ta. Duk littafi ko mujallar da masu gida suka jefar, ko bangonsa ya cire, ko yara sun yi masa zane, sai ta kwaso ta kawo wa 'yarta. Takan karanta mata labari kafin barci har ta kai shekara shida, daga nan ta miƙa mata littafin ta ce ta ci gaba da kanta. Sai kuma babban laburaren garin Pasadena, wanda ya zame wa yarinyar maɓoya. Doguwa ce fiye da sa'o'inta, ga kunyar da ko magana a aji takan gagare ta, yara suna tsokanarta, ga kuma lalurar nan da ke sa baƙaƙe su riƙa rikicewa a idon mai karatu, har wasu malamai suka ɗauka lalaci ne ke damunta. A hankali take karatu, amma ba ta ajiyewa. Ta fara da tatsuniyoyi, ta koma labaran dawaki, ta bi ta kan Bambi na Felix Salten da littattafan zane irin na su Superman, kafin ta gano mujallun labaran kimiyya irin su Amazing Stories da Galaxy. A nan ta haɗu da rubutun Robert Heinlein da Theodore Sturgeon da John Brunner da Zenna Henderson, daga baya kuma Frank Herbert mai littafin Dune na 1965.

Ku lura, masu sauraro, babu wanda ya tsara mata wannan jeri. Ba malami ba ne ya ce ga manyan littattafai, ga ƙanana, ga wanda ya kamata ki girmama. Abin da aka jefar da abin da ke kan kantar laburare suka haɗu a hannunta, mai kyau da maras kyau, kuma dole ta koyi bambance su da kanta. Wannan ne ya sa nake ganin labarin da aka fi bayarwa game da ƙuruciyarta yana da nauyi fiye da yadda ake ɗaukarsa. Tana shekara goma ta matsa wa mahaifiyarta har ta saya mata tafireta samfurin Remington, ta riƙa buga labaran dawaki da yatsu biyu. Tana shekara goma sha biyu ta kalli wani fim na Ingila a talabijin mai suna Devil Girl from Mars, wanda aka yi a 1954, labarin wata mace da ta sauko daga duniyar Mars tana neman mazan da za ta kwasa. Yarinyar ta ga fim ɗin bai yi ba, ta ce a ranta za ta iya rubuta wanda ya fi shi, ta kashe talabijin ta zauna ta fara. Mutane sukan ba da wannan labari kamar ƙarfin halin yarinta ne kawai. Amma a tambaya: da wane ma'auni 'yar shekara goma sha biyu ta auna fim ɗin da manya suka kashe kuɗi suka yi har ta ga ya gaza? Yaron da bai karanta komai ba duk abin da aka nuna masa burge shi yake yi. Ita kuwa ta riga ta sha labarai masu yawa, ta san yadda mai kyau yake kama zuciya, shi ya sa ta gane wanda bai kama ba. Littattafan kirki suka ba ta ma'auni, fim maras kyau ya ba ta ƙarfin gwiwa. Labaran da ta fara rubutawa a lokacin su ne tushen jerin littattafanta na farko, da suka fito bayan shekara goma sha bakwai.

Hawa na biyu shi ne kwaikwayo, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba. Tana shekara goma sha uku ta fara aika labarai zuwa mujallu, bayan ta tsinci wata mujallar koyar da marubuta da wani ya bari a kujerar bas. Taurarin labaran nata a lokacin, kamar yadda ta sha faɗa, Turawa ne maza 'yan shekara talatin masu shan taba da giya, domin su ta gani a duk abin da take karantawa. Yarinya baƙa 'yar talakawa tana rubuta duniyar da babu mai kama da ita a ciki. A wannan shekarun ne ma wata daga cikin iyayenta mata, cikin tausayi da son ta nemi aikin da zai ciyar da ita, ta gaya mata cewa baƙar fata ba ya zama marubuci. Matar ba mugunta ta yi ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Fagen kansa haka yake a lokacin. John Campbell, editan da ya fi kowa ƙarfi a harkar, wanda ya riƙe babbar mujallarsu daga 1937 har ya mutu a 1971, ya ƙi buga littafin Samuel Delany mai suna Nova a 1967, bisa hujjar cewa masu karatunsa ba za su karɓi baƙar fata a matsayin tauraron labari ba. To wannan shi ne gadon da Butler ta tarar, kuma a cikinsa ta koyi sana'a. Kamar ɗan koyo ne a maƙera: da farko fartanyar maigidansa yake ƙerawa sak, domin ita kaɗai ya sani, sai ranar da ya kai ta gonar gidansu ya ga ba ta shiga irin ƙasarsu, daga nan ya fara canza mata baki. Ba a kaiwa ga canza baki sai an iya ƙira, kuma ba a iya ƙira sai an kwaikwaya.

Hawa na uku, wato gardama, ya fi fitowa fili idan aka jera abin da ta karanta kusa da abin da ta rubuta. Ɗauki Zenna Henderson, malamar firamare daga jihar Arizona, wadda Butler ta so ƙwarai tana budurwa. Henderson ta rubuta jerin labarai a kan wasu baƙi daga wata duniya masu kama da mutane, waɗanda suka faɗo ƙauyukan Amurka, suna iya karanta zuciyar juna, suna iya tashi sama. Mutanen kirki ne, masu tausayi da tsoron Allah, suna ɓoye baiwarsu don kada a cutar da su. Butler ta ɗauki wannan tunani na masu karanta zuciya, amma ta yi masa tambayar da Henderson ba ta yi ba: idan wasu tsiraru suka samu ikon shiga kan sauran jama'a, me zai hana su mallake su? 'Yar matar da ke shiga gidajen mutane ta ƙofar baya ta san amsa. A Patternmaster na 1976 da Mind of My Mind na 1977, masu karanta zuciya su ne sarakuna, sauran mutane kuwa bayinsu ne, kuma ana iya sa bawa ya so bautarsa, domin har tunaninsa a hannun ubangijinsa yake. Kayan aikin na Henderson ne, amma abin da aka gina da su ya fito ne daga abin da Butler ta sani game da iko, wanda Henderson ba ta sa a nata ba.

Haka ta yi wa babban jigon mujallun da ta tashi da su, wato labarin jarumin da ya hau kumbo ya je wata duniya ya ci ta da yaƙi ko da wayo. A gajeren labarinta Bloodchild na 1984, mutane sun je wata duniyar, amma a matsayin 'yan gudun hijira. Masu ƙasar wasu manyan halittu ne masu kama da ƙwari, sun ba mutane wurin zama da kariya, ladansu kuwa shi ne su riƙa ajiye ƙwayayensu a jikin ɗan Adam har su ƙyanƙyashe. Yaro namiji ne aka zaɓa ya ɗauki wannan ciki, kuma tsakaninsa da halittar da ta zaɓe shi akwai tsoro, akwai kuma shaƙuwa. Da masu sharhi suka ce labarin bauta ne, ita da kanta ta ce a'a, labarin biyan kuɗin haya ne: wanda ya sauka a gidan wani ba shi ke gindaya sharaɗi ba. Kuma daga ina tunanin ƙwayayen ya zo? Daga karatun ilmin halittu. Tana shirin tafiya dajin Amazon na ƙasar Peru don bincike, sai ta karanta labarin wani ƙuda da tsutsarsa ke girma a ƙarƙashin fatar mutum, abin ya tsorata ta, ta rubuta labarin don ta rage tsoron. Ya ci kyautar Nebula da ta Hugo, manyan kyaututtuka biyu na wannan fage. Wannan ya nuna wani abu kuma: karatunta bai tsaya kan labarai ba. Tana karanta ilmin halittu, da tarihi, da nazarin al'adu, da jaridu, kuma sau da yawa daga can ne take samo makamin da take gardama da labaran.

Yanzu bari mu saurari masu ja. Na farko zai ce: malam, duk wannan dogon bayani ne, baiwa ce kawai Allah ya ba ta, wanda aka ba ko bai karanta ba zai rubuta. Ba na musun baiwa. Amma a dubi shekarun. Ta fara aika labarai wajen 1960. Labarinta na farko da aka buga, Crossover, sai 1971 ya fito. Bayan shi ta yi shekara biyar ba ta sayar da ko kalma ɗaya ba. A tsawon wannan lokaci tana wanke kwanuka, tana tallar kaya ta waya, tana aikin duba soyayyen dankali a masana'anta, kuma takan tashi ƙarfe biyu ko uku na dare ta yi rubutu kafin ta fita aiki. Idan baiwa ce kaɗai, me ya hana ta bayyana tun farko? Abin da ya canza tsakanin 1960 da 1976 shi ne yawan abin da ta karanta, da yawan abin da ta rubuta ta yaga. Ita kanta, a shawarwarin da ta rubuta wa masu koyo, karatu ta sa a farko, ta kuma ce su dogara da sabo da naci maimakon jiran ilhama ko taƙama da baiwa. Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Littafinta na uku, Survivor na 1978, ita da kanta ta hana a sake buga shi, domin da ta waiwaye shi ta ga ya faɗa cikin tsohon ramin da take suka: mutane sun sauka a wata duniya sun tarar da 'yan ƙasa masu launi-launi, kamar yadda labaran 'yan mulkin mallaka suke nuna mutanen da suka ci da yaƙi. Marubuciyar da ke neman kuɗin haya ta toshe wa kanta hanyar samun kuɗi saboda littafin bai tsallake ma'auninta ba. Idon da ya ga gazawar fim ɗin 1954 shi ne ya ga gazawar nata littafin. Wannan ido karatu ne ke wasa shi.

Mai ja na biyu ya fi yawa a cikinmu, kuma damuwarsa ta gaskiya ce. Zai ce: mene ne amfanin yaro ya cika kansa da labarin halittun sama da tafiyar zamani, alhali ga yunwa ga rashin aiki ga zalunci a gabansa? Wannan ai gudun gaskiya ne. An yi wa Butler irin wannan tambaya sau da yawa, har daga 'yan'uwanta baƙaƙe, kuma amsarta mafi ƙarfi ita ce littafin Kindred na 1979. Asalinsa daga kwalejin Pasadena ne, inda ta gama a 1968, lokacin da gwagwarmayar baƙaƙen fata ke kan ganiyarta. Wani ɗalibi mai zafin ra'ayi ya riƙa zagin tsofaffin baƙaƙe a gabanta, yana cewa su suka ja da al'umma baya da haƙurinsu da sunkuyar da kai, har da iyayensa. Saurayin ya karanta tarihi, ya san shekaru da sunaye, amma Butler ta ga bai ji abin a jikinsa ba. Ita kuwa ta san ciwon, domin tana ƙarama takan bi mahaifiyarta wurin aiki, ta ga ana magana a kanta a gabanta kamar ba ta wurin, ta ga uwar ta haɗiye, kuma a lokacin kunya take ji. Sai daga baya ta gane cewa wannan haɗiyewa ita ce ta ciyar da ita, ta sa mata rufi a ka. To ta yaya za a sa mai karatu na yau ya ji haka a jikinsa? Littafin tarihi yana gaya maka abin da ya faru, kai kuma kana zaune a inuwa kana cewa da ni ne da ban yarda ba. Sai Butler ta ɗauko dabarar tafiyar zamani daga mujallun ƙuruciyarta, ta cire mata na'ura da bayanin kimiyya, ta jefa mace baƙa 'yar zamani mai suna Dana daga Los Angeles ta 1976, shekarar da Amurka ke bikin cika shekara 200 da 'yanci, zuwa wata gonar bayi a jihar Maryland a farkon ƙarni na 19. Duk lokacin da ɗan mai gonar, Rufus, ya shiga haɗari, sai a fizgo Dana ta cece shi, kuma dole ta cece shi, domin azzalumin nan kakan kakanninta ne, in ya mutu da wuri ba za a haife ta ba. Mai karatu yana kallo mace mai ilmi da ji da kai tana koyon sunkuyar da kai, yana kuma gane cewa shi ma da haka zai yi. A ƙarshe Dana ta dawo zamaninta babu hannu ɗaya.

Kafin ta rubuta shi sai da ta karanta labaran da bayi suka rubuta da hannunsu, irin na Frederick Douglass, ta hau motar safa daga Kalifoniya har Maryland, ta taka ƙasar da ƙafarta, ta shiga ɗakunan adana tarihi, ta ziyarci Mount Vernon, gidan gonar George Washington inda aka ajiye bayi. Ta ce sai da ta rage zafin abin da ta karanta, don in ta sa shi yadda yake ba mai iya gama littafin. Da farko namiji ta sa a matsayin tauraro, sai ta ga a wancan zamani baƙin namiji mai kallon Bature ido cikin ido ba zai daɗe a raye ba, ta mai da shi mace. Yau ana koyar da Kindred a makarantun sakandare da jami'o'in Amurka. Wanda ya ce wannan gudun gaskiya ne, sai ya nuna mana hanyar da ta fi ta kai mutum tsakiyar gaskiyar. Haka kuma Parable of the Sower na 1993, wanda ta fara labarinsa a shekarar 2024 cikin Kalifoniya mai fari da gobara da tsadar ruwa da unguwanni masu katanga: daga jaridun zamaninta ta tsamo shi, ta ja zaren abin da take gani zuwa inda zai kai in ba a canza ba. Sunan littafin kuma daga misalin mai shuka na cikin Linjila ne, littafin da aka rene ta da shi. Shekara goma sha huɗu bayan rasuwarta, a 2020, ya shiga jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times.

Na uku zai ce yawan karanta na wasu yana shafe naka, ka wayi gari kana magana da bakin baƙo. Gaskiya ne akwai wannan haɗari, mun ma gan shi a Turawan nan masu shan taba da ta fara rubutawa. Amma maganinsa ƙarin karatu ne, domin laburare ne ya ba ta Heinlein, laburare kuma ya ba ta Chinua Achebe. Lokacin da take rubuta Wild Seed na 1980 ta zauna a laburaren Los Angeles tana karanta Achebe da littattafan nazarin al'adun mutanen Onica, a can ta samo labarin wata mace mai rikiɗa da ake bayarwa a garin, ta gina tauraruwarta Anyanwu a kai. Littafin ya buɗe ne a ƙasar Ibo a shekarar 1690. Mu ma a gida mun san wannan hanya. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus ya gina Magana Jari Ce, Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, kuma babu Bahaushen da ke karanta su ya ji baƙunta.

Mai ja na huɗu shi ne wanda ba zan iya kayar da shi gaba ɗaya ba, kuma ba na son in yi kamar na kayar. Zai ce: yara nawa ne suka yi irin wannan karatu, suka yi irin wannan gardama a zuciyarsu, amma suka mutu ba a san su ba? Abin da ya fitar da Butler mutane ne da dama. Wannan magana tana da ƙarfi. A 1969 ta shiga wani ajin kyauta da ƙungiyar marubutan fim ta yammacin Amurka ta buɗe don tsirarun ƙabilu, a can ta haɗu da Harlan Ellison, sanannen marubucin wannan fage, wanda ya karanta rubutunta ya gaya mata gaskiya ba tare da shafa mata mai ba. Kafin shi, malaman rubutun da ta samu yawancinsu ba su san labaran kimiyya ba, ba su kuma ɗauke su da daraja ba. Ellison ne ya tura ta taron horaswa na Clarion a jihar Pennsylvania a 1970, mako shida na rubutu da sukar juna, inda ta haɗu da Delany, ta kuma sayar da labaranta biyu na farko. Kuɗin tafiyar har da wanda mahaifiyarta ke tarawa don gyaran haƙoranta, matar da ita kanta ta fi so 'yarta ta zama sakatariya mai albashi. Cire laburaren gwamnati, cire ajin kyauta, cire uwar nan, da wuya mu san sunan Octavia Butler. Na yarda. Abin da zan ƙara kawai shi ne, ranar da Ellison ya duba takardunta ya tarar da abin dubawa, kuma shekara fiye da goma na karatu da yagewa ne suka ajiye shi a wurin. Mai taimako yana iya tura mutum Clarion, amma ba zai iya karanta masa littattafan da bai karanta ba. Saboda haka hujjar mai ja ta faɗaɗa maganata ne: karatu mai gardama yana buƙatar wurin da za a same shi a arha, da wanda zai saurare shi in ya nuna. Garin da ya bar laburarensa ya mutu, ya bar littafi ya fi ƙarfin aljihun talaka, ba shi da bakin cewa yaransa ba su da baiwa.

Butler ta san bashin da ke kanta, shi ya sa ta yi shekaru tana koyarwa a irin wannan taro na Clarion, bayan rasuwarta kuma aka kafa tallafin karatu da sunanta don tura marubuta baƙaƙe da sauran tsiraru can. A 2001 wata ɗaliba a taron na Clarion, Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne da suka zauna a Amurka, ta ci karo da Wild Seed a kantin littattafai, ta ga mace mai sunan ƙasar iyayenta a tsakiyar irin labarin da take ƙoƙarin rubutawa. Okorafor ta ci Hugo da Nebula a 2016 da labarinta Binti, kuma littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Jamhuriyar Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070.